Zanƙaleliya da Ƙwanta Ɗaya Tak

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Tun kafin a yi raƙumi, can arewa inda yau babu komai sai yashi, an yi wata dabba, Zanƙaleliya. Wuyanta ya fi giginya tsawo, ƙafafunta kamar gindin kuka, amma ganye kawai take ci.

"Dainaso ce, Kaka! Haka malaminmu ya ce ana kiran irin waɗannan manyan dabbobin na dā!"

Kai Tanimu, ni ke ba da tatsuniyar ko malaminku? Yi mini shiru.

Fari ya cinye danginta kaf. Ta ɗaga wuya ta duba gabas, ta duba yamma, babu mai kama da ita. Abin da ya rage mata ƙwai ne ɗaya tak. In ta kwanta a kansa kuwa, fashewa zai yi.

Sai ta je wurin Zabuwa. "Ƙanwata, yi mini kwanci."

"Ni? Wannan ai tulu ne, ba ƙwai ba!"

Sai ta je wurin Jimina. "Yi mini kwanci."

"Yaya, nawa ma sun ishe ni."

Sai ta je wurin Kada. Kada ya ce, "Binne shi a yashi ki tafi abinki. Rana ce za ta ƙyanƙyashe shi."

Ta binne. Amma tafiya? Ina! Ta tsaya cak a kansa, inuwarta ta rufe wurin.

Kada ya ce, "Gusa mana, kin tare masa rana."

Ta ce, "In na gusa kura ta tone shi fa? Shi kaɗai gare ni a duniya."

Ta cinye ganyen da wuyanta ke kaiwa, ya ƙare. Ta ƙi motsi. Kullum sai ta sunkuyo ta kara kunne a ƙasa, shiru. Ta rame, ta rame. Ran nan sai ta faɗi gefe, rim! Ba ta sake tashi ba.

Sai rana ta sami yashi. Ba a daɗe ba ƙwai ya tsage. Ɗan ya fito, ya miƙa ɗan wuyansa, ya yi kira. Shiru. Ya sake kira. Shiru. Da zafi ya dame shi, sai ya ga wani ƙaton tudu kusa, ya raɓa ya kwanta a inuwarsa. Bai san uwarsa ce ba.

Wayyo, nan wurin kullum sai ya karya mini zuciya.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. In kana son naka, gusa kaɗan ya sha rana tun kana da rai.