Uwar Zumunta da Ƙadangaren Majami'a

Ku ajiye waya, ku tofar da cingam, ku saurara. Hikaya ce zan ba ku, wadda kuma ta ga kamanninta a ciki kada ta ce ni na sa ta.

A wani ƙauye da ake kira Tudun Aduwa, matan majami'a suka zaɓi Briskila ta zama Uwar Zumunta. Mace ce mai tsabta, mai zuwa sujada da wuri, ba ta gulma sai kaɗan. Aibinta guda ne: gani take in shugaba ta ce "ban sani ba", ɗankwalinta zai faɗi a gaban jama'a.

Wata Alhamis da la'asar mata suka taru nazarin Littafi Mai Tsarki kamar yadda suka saba. Briskila ta karanta labarin 'yan'uwa mata biyu da Ubangiji ya sauka gidansu, ɗaya ta zauna tana sauraro, ɗaya tana fama da girki, aka yaba wa wadda ta zauna. Ta yi bayani mai tsawo, mata suka gyaɗa kai. Sai Dinatu mai ƙosai, wata gwauruwa da magana ba ta kwana a cikinta, ta ɗaga hannu.

"Mama, to da duka biyun sun zauna, wa zai dafa abincin? Baƙin da yunwa za su kwana?"

Wasu suka ƙunshe dariya cikin gyale. Briskila ta rufe Littafin. Ta ce a tashi a yi waƙa.

Ba ranar Dinatu ta fara ba. Don haka da aka watse, Briskila ta tsaya ita kaɗai a majami'a tana gyara benci, tana gwada sanarwar da za ta yi mako mai zuwa. "Daga yau ba tambaya a nazari. Dinatu kuma ta kawo zanen zumunta, ta huta a gida." Wanda bai sani ba ya sani, karɓe wa mace zanen zumunta korar ta ke nan. Dinatu kuwa tun da mijinta ya rasu ba ta da kowa sai matan nan. Su suka rufa mata ɗaki da iska ta yaye, su ne kuma za su raka gawarta ranar da aka kira ta.

Briskila ta ɗaga ido, ta ga wani tsohon ƙadangare mai jan kai a bango yana gyaɗa mata kai. Ta ce, "Yawwa. Ko ƙadangare ya san gaskiya ce."

Ƙadangare ya ce, "Mama, ki yi mini aikin gafara, kada ki sa ni cikin shaidu. Ni haka wuyana yake. Fasto ya yi wa'azi in gyaɗa, akuya ta shigo ta cinye furen bagade in gyaɗa."

Briskila ta yi tsalle ta rarumi tsintsiya. "Na tsawata maka! Fita!"

"Ina za ni? Na riga ki zuwa majami'ar nan. Ajiye tsintsiya, ki zauna. Ina gudar miki abin da ya sami Mama Kaziya ta Rafin Gwaza ne."

Briskila ta zauna a bakin benci, tsintsiya dai na hannunta. "Me ya same ta?"

Ƙadangare ya gyara tsayuwa ya ce:

An yi wata Uwar Zumunta a Rafin Gwaza, sunanta Kaziya, mai murya kamar ƙararrawar Lahadi. Ranar da ta hau ta kafa doka, ba tambaya a nazari, ba tambaya a taro. In ta faɗi magana, amsa ɗaya ce: "Haka ne, Mama." Mata suka iya amsar nan har ba sa jira ta kai ƙarshen zance.

A garin nan kuwa akwai al'ada. Zanen zumunta ba a ɗaura shi sai ranar aure, ko babban taro, ko jana'iza. In za a gai da marar lafiya, kowace takan sa kayanta na gida, a shiga a hankali, a yi addu'a, a ajiye kunu, a fito. Ana nan aka kawo wa zumunta sabon zane daga birni, shuɗi mai kyau, ga shi ba aure ba taro a kusa. Zanen nan ya hana Kaziya sukuni. Sai ta ji Dattijo Barnaba na kwance da zazzaɓi. Ta tara mata ta ce, "Gobe za mu gai da Dattijo. Kowa da sabon zane, a ɗauko tulunan kiɗa da kacau-kacau, mu shiga da waƙa."

Suka ce, "Haka ne, Mama." Amma kowace ta hango rigima, don duk gari an san Dattijo Barnaba mutum ne mai tsoron mutuwa, ko hanyar maƙabarta ba ya bi sai ya zagaya ta kasuwa.

Da safe suna ɗaura zane, Afiniki mai kaɗa babban tulu ta matso ta rusuna. Ta ce, "Mama, ba tambaya zan yi ba, labari ne. Ai ba ki hana labari ba."

Kaziya ta ce, "Yi sauri."

Afiniki ta ce:

A garin kakata an yi wata mata, Kande, ita ke jan mata zuwa ɗibar kara bayan girbi. Dokarta a hanya ba magana, wai surutu ke sa a yi rana. Wata rana suka gasa rogo a gona, suka ci, Kande ta ɗaure daminta kusa da tokar, garwashi ya maƙale a ciki ba ta sani ba. Ta ɗauka ta shige gaba, sauran suka biyo ta a layi. Ba su yi nisa ba hayaƙi ya fara tashi bisa kanta. Na baya suka dubi juna. Ɗaya ta yi gyaran murya.

Kande ta ce, "Wa ke tari? Na ce shiru!"

Can ta ji ƙauri. Ta ce, "Kun ji ko? Wata malalaciya ta bar tuwo na ƙonewa a gari. Matan yanzu ke nan." Suka ƙara gaba, ta ji zafi a ƙeya. Ta ce, "Rana ta yau ba ta da mutunci." Ba ta gane ba sai da wuta ta cinye gammo ta kama ɗankwali. Ta yar da dami ta faɗa rafi, ta shiga gari da rabin kitso, rabin kai kamar bayan ƙwarya.

Afiniki ta ce, "To Mama, ta gaba ita ke ganin hanya, ba musu. Amma abin da ke bisa kanta, na baya ne ke gani."

Kaziya ta taɓa ɗankwalinta, ta ji yana nan lafiya. Ta ce, "Mu ba kara za mu ɗiba ba. Ɗauki tulunki."

Suka fita layi, shuɗi tun daga majami'a har bakin kasuwa, tuluna na amsawa, kacau-kacau na tashi. Mutanen gari suka ga zumunta da anko sun nufi gidan Barnaba. Ba 'yarsa da ta isa aure, ba taro a gidansa. Kowa ya gama lissafinsa. Maƙwabta suka fasa kuka, mai shayi ya rufe teburinsa, maza suka ɗauko diga da shebur suka bi baya.

Dattijo na kwance, matarsa ta tafi sayo magani. Ya ji kiɗa na matsowa, ya lallaɓa ya leƙa. Ya ga shuɗin zane, ya ga diga, ya ga maƙwabcinsa na share hawaye. Ya tsunkuli cinyarsa ya ji zafi. Ya ce, "Ashe da raina za su yi abin." Mutumin da ko kofin ruwa sai an ɗaga masa, ya bi ta taga, ya tsallake danga, ya shige gonar dawa da bargo a wuya.

Mata suka shiga ɗaki da waƙa. Ga gado da ɗuminsa, ga takalma a ƙasa, ga hula a kan matashi, ba Dattijo. Waƙa ta mutu a baki. Makon da ya wuce kuwa Kaziya ta koyar da su kan ranar da za a fyauce masu bi zuwa sama, a bar masu zunubi a ƙasa. Ta dubi takalma, ta dubi rufin ɗaki, ta dafe ƙirji.

"An fyauce Dattijo!"

Suka ce, "Haka ne, Mama."

"Mu kuma an bar mu!"

"Haka ne, Mama."

Sai kuka ya kaure na gaske. Wannan na tuba da gulma, waccan na tuba da mudun da take aunawa a kasuwa, wata ta faɗi abin da ta ce kan hancin matar Fasto, matar Fasto kuwa na tsaye a gefenta. Afiniki ta ga taga a buɗe, ta ga danga a kwance, tana so ta ce, shin wanda aka fyauce ta taga yake bi? Ta tuna doka, ta rungume tulunta.

Suna cikin haka sai murya ta fito daga cikin dawa. "Ku gaya musu ban mutu ba! A mai da digar nan inda aka ɗauko ta!"

Gudun nan ya sa shi gumi, zazzaɓi ya sauka, amma har ya tsufa ya ƙare bai sake barin zumunta ta taka ƙofar gidansa ba. A hanyar komawa Kaziya ta tsai da mata ƙarƙashin ɗorawa, tana huci. Ta ce, "Wato dukanku kun tuna da al'adar nan, kuka yi shiru? Wato kun mai da ni wawiyar gari ke nan?"

Suka haɗa baki suka ce, "Haka ne, Mama."

Da ƙadangare ya kai nan, ya kama wani ƙuda ya haɗiye, sannan ya ce, "Kin ji abin da hana tambaya ke haifa. Ki karɓe zanen Dinatu, za ki sami majami'a cike da irina, sai dai su da ɗankwali."

Briskila ta danne dariya, don ba ta so ƙadangare ya ga haƙoranta. Ta ce, "Kai ba ka san Dinatu ba. Raina ni take yi."

"Wadda ta raina ki ba ta tambayar ki, Mama. Gyaɗa miki kai take yi, ta je bakin rijiya ta yi dariya. Dinatu ta ɗauki labarin nan da gaske ne. Ita da ke tsaye gaban kasko kullum, ba dole ta damu da wadda aka bari a madafa ba?"

Briskila ta sunkuyar da kai ta rage murya, ko da yake ba kowa. "Ban san amsar ba."

"To ki faɗa mata haka nan."

"A gaban mata? Uwar Zumunta guda?"

"Littafin yana hannunki, bai gudu ba. Ku koma ku karanta tare, ku yi addu'a, abin da ya gagara ku kai wa Fasto. Dube ni nan. Ba wa'azin da ya wuce ni a ɗakin nan, ba nazarin da ban halarta ba, ban taɓa tambayar komai ba. Ƙadangare na shigo, ƙadangare nake har yau. In irin girman da kike so matanki su yi ke nan, ga bango, akwai wuri."

Briskila ta miƙe. Ta jingine tsintsiya, ta durƙusa ta yi addu'a, ta rufe majami'a ta tafi.

Magana dai ba ta ɓuya a ƙauye, kuma Briskila ta riga ta furta niyyarta a gaban wata tun kafin a watse. Da Alhamis ta zagayo, Dinatu ta shigo da kayan gida a jikinta, zanen zumunta ninke cikin leda, idanu sun kumbura. Ta ajiye shi gaban Uwar Zumunta ta koma bencin ƙarshe.

Briskila ta ce, "Dinatu, wa ya aike ki? Ɗauki zanenki ki ɗaura, ki dawo nan gaba inda zan ji ki." Ta juya ga mata, ta ce, "Tambayar da 'yar'uwarmu ta yi wancan makon, ban san amsarta ba."

Ta kai hannu ta taɓa ɗankwalinta. Yana nan, bai faɗi ba.

Mata suka fara gyaɗa kai. Ta daka musu tsawa. "Wadda ta sake gyaɗa mini kai, ita za ta tashi ta yi bayani! Ku buɗe wurin, mu sake karantawa a hankali."

Suka karanta. Wata ta ce ita a ganinta ba girkin aka tsawata wa ba, damuwar da gunagunin ne. Wata ta ce a'a, a sake karanta ayar. Wata tsohuwa da ba a taɓa jin muryarta a nazari ba ta ce ita ma tana girki tana gunaguni tun tana amarya, ba ta san da ita ake ba sai yau. Aka yi gardama, aka yi dariya, aka ɗaga sauran zuwa wurin Fasto, rana ta kusa faɗuwa ba wadda ta yi gyangyaɗi.

Za a rufe da addu'a ke nan, Dinatu ta ɗaga hannu. "Mama, ina da wata kuma."

Briskila ta rufe ido ta ja numfashi. Da ta buɗe, ta hangi ƙadangare a bango yana ta gyaɗa kai. Ta ce masa, "Kai dai riƙe naka, ba na so." Sannan ta gyara zama ta sake buɗe Littafin.

"Faɗi, Dinatu. Muna ji."