Minti Ashirin Da Shida

Akwai wani saurayi a Yamai mai suna Nazifi, yana da ɗan shago a Kalley inda yake tura wa mutane fina-finai a waya da kile, wato ɗan filashin nan na USB. Ya san fim, wannan ba gardama. Amma sanin ya hau masa kai, har in ka tambaye shi fim ɗaya sai ya karanta maka tarihin goma.

Ƙanwarsa Hajara tana Kirkissoye wurin Innarsu, can ƙetaren kogi. Da amosanin jini aka haife ta, yau lafiya gobe kwance. Ba abin da take so kamar fina-finan jaruman nan masu tashi sama. Ta kan ce su kaɗai ta gani ana buga su da ƙasa suna miƙewa kamar ita.

Tun suna yara suka yi alkawari: in sabo ya fito, ba wanda zai kalla sai da ɗan'uwansa.

Da wani sabo ya fito, Hajara ta kira shi a waya.

"Yaya Nazifi, an ce ya zo! Yaushe za ka kawo mana?"

"Wannan yankakke ne, Hajo. An cire abubuwa da yawa. Cikakken zai fito bayan wata uku, da ƙarin minti ashirin da shida. Ni ba na kallon rabin fim."

"To mu kalli wannan ɗin mana, in wancan ya zo mu sake."

"Sai daɗin ya lalace. Ki yi haƙuri."

Ta yi haƙurin. Nazifi kuma da ba cikakken fim a hannu, sai ya ga ba dalilin ƙetare gada. Kullum kasuwa, kullum sai Juma'a mai zuwa. Mutane na ta sayen yankakken a wurinsa, yana karɓar kuɗinsu yana musu kallon marasa sani.

Sau ɗaya Inna ta kira shi. "Nazifi, jikin nata ya matsa. Ka zo ko da fim ko ba fim."

"Saura sati biyu, Inna. Zan zo mata da shi gaba ɗaya."

Hajara ba ta kai sati biyun ba. Ranar wata Talata da hantsi ciwon ya tashi, kafin la'asar Allah ya karɓi abarsa.

Bayan addu'ar uku, Inna ta ɗaga matashin Hajara ta ciro wani ɗan kile ta miƙa masa.

"Rukayya ƙawarta ta kawo mata wannan tun wata biyu. Yankakken ne. Na ce ta saka a tele ta rage zafin ciwo, ta ce a'a, Yaya zai ji haushi in ya zo ya tarar ta riga shi."

Nazifi ya karɓi kilen.

Cikakken ya fito a ranar da aka faɗa. Nazifi ya rufe shago ya kalla shi kaɗai. Ƙarin da ya jira ɗin, jarumai ne zaune suna hira, sai ɗan faɗa guda. Wallahi ni da nake ba ku labarin nan, nan ne zuciyata ta karye. Daga ƙofar shagonsa zuwa ƙofar Inna a kan moto, wato babur, tafiyar ba ta kai minti ashirin da shida ba.

Har yau yana shagon. In wani ya ce zai jira cikakke, Nazifi kan tura masa wanda ke akwai ya ce, "Je ku kalli wannan yau."

Darasi: Kada ka jira komai ya cika kafin ka je wurin mai jiranka. Fim ana sake fitar da shi, mutum kuwa sau ɗaya ne. Ku tura wa wanda ya daɗe bai leƙa gida ba.