Yadda Aka Daina Saran Gawo a Gawon Tamu

A zamanin da dajin nan bai san garma ba, sai kofaton ɓauna, an yi wasu mutane masu noma da ƙaura. Su sare daji, su cinna wuta, su ci ƙasa 'yan shekaru. In ta mutu su ɗaure kaya su yi gaba. Itacen da suke fara sarewa gawo ne. Sun ce la'ananne ne, tunda shi kaɗai ke zubar da ganye da damina.

Cikinsu akwai maharbi, Arzika ɗan Tamu. Arzika sa gwanki sallama da 'ya'yansa, na Tamu mai kibiya ɗaya!

Wata shekara gero ya ƙi kai gwiwa. Sarkin Noma Mantau ya ce a yi shirin tashi. To, ƙaurar baya ita ta kashe uban Arzika a hanya. Ga uwarsa Tamu ta tsufa, ƙafa ta daina ɗaukarta. Ya san in aka tashi, a bakin hanya zai binne ta.

Ya je ya durƙusa. "Sarkin Noma, a ba ni damina ɗaya."

"Kai da ba ka san ƙotar fartanya ba? Kibiya za ka shuka mana?"

"Gero. A gindin gawo."

Mantau ya tofar da yawu. "Ɗaya. In ka gaza, ka goya tsohuwarka mu tafi."

Arzika ba da ka ya yi magana ba. Ya daɗe yana fakon nama a gindin gawo. Da rani nan barewa ke shan inuwa, ta ci 'ya'yan itacen, ta bar kashi. Da damina ganye ya zube ya ruɓe, rana ta sauka har ƙasa, ciyawa ta kai ƙirji. Wasu sun ce wani tsohon gwanki ne ya gaya masa da baki. Allah masani.

A bayan wani tsauni ya sami gawon da gatari bai taɓa ba. Nan ya ɗaure awakin uwarsa har ƙarshen rani. Ruwa ya sauka, ya shuka. Ko kara ɗaya bai ƙona ba.

Da kaka Mantau ya shiga gonar bisa jaki. Gero ya haɗiye shi, sai murya ake ji: "Ku kwance kayan nan! Ba inda za mu!"

Tamu ta ƙara shekaru, ta cika a ɗakinta. Garin da ya kafu a wurin shi ne Gawon Tamu. Har yau manomin can in ya ga ɗan gawo ya tsiro a gonarsa, sai ya kewaye shi da ƙaya, ya wuce da fartanyarsa. Wanda ya sare kuwa, ko ɗan'uwansa ba ya ba shi iri.