Dagacin da Ya Ƙwace Gyara

Wai an yi wani dagaci mai suna Jatau, maƙo gare shi kamar me. Ran nan ya sa aka kira Tabawa mai awon gero.

"Tabawa, gyaran da kike ƙara wa mai saye bayan mudu ya cika, nawa ne kuɗinsa?"

"Kyauta ne, ranka ya daɗe."

"Madalla! Cefane ya ishe ni. Daga yau ki riƙa tara shi kina kawowa gidana. In kin ƙi, ki bar kasuwata."

Tabawa ta san in ba gyara masu saye guduwa za su yi. Ta durƙusa ta ce, "An gama. In an tambayi inda gyara ya tafi, in faɗa?"

"Faɗa mana! Tsoron wa nake ji?"

Washegari ta kawo gyaran, mata na biye da ita, kowa da ƙwarya.

Dagaci ya ce, "Lafiya?"

"Ranka ya daɗe, ai gyara na mai saye ne. Na ce musu yana wurinka."

Don kunya ya fara rabo. Kowacce sai ta ce, "Ƙaro, hannun Tabawa ya fi haka." Gyara ya ƙare, aka buɗe rumbunsa.

Ya ce, "Na janye! Ungo mudu guda, ki kwashe mini su!"

Tabawa ta dubi mudun, ta dube shi.

"Ranka ya daɗe, ba gyara?"