Baƙin Cikin Kirya da Gizagon Jatau

Dalilin da ya sa cikin itacen kirya yake da duhu, ga taurin tsiya, ku matso ku ji, yara.

A da can kirya fara ce fat, ga laushi kamar rogo, gara ba ta da abincin da ya fi ta. A wani gari akwai wani masassaƙi, Jatau, shi ke gitta gungumen da mata ke takawa a bakin rijiya in za su ja guga. Rannan gungumen ya karye da wata tsohuwa, da ƙyar aka cafko zanenta. Ashe gara ta cinye cikinsa, ta bar ɓawo.

Mai gari ya ce, "Jatau, in na gaba ya karye, ka ɗau gizagonka ka bar mana gari."

Ba korar ce ta hana shi sukuni ba. Matarsa Tasalla na da tsohon ciki, kuma kullum ita ce ta farko a rijiya. Ya je gindin kirya hankali a tashe, ya ce, "Baiwar Allah, ki rufa mini asiri."

Kirya ta ce, "Ni ma cizon gara ya ishe ni. Sari babban reshena, ka turara shi kwana uku, zan shanye hayaƙin. Amma daga yau mai son sassaƙa ni ya yi tun ina ɗanya."

Jatau ya yi yadda aka ce. Rana ta uku ya fafe bakin gungumen, sai ya ga cikin ya yi baƙi. Ya ce, "Wayyo, na ƙone shi!" Ga shi mata sun kwana uku ba ruwa. Haka ya gitta shi, ya hau ya yi ta tsalle, bai motsa ba. To, ai wancan da ya karye ma bai motsa ba ranar farko.

Kowace safiya yana biye da Tasalla, idonsa a kan ƙafarta.

Ta ce, "Malam, in tsoro kake ji, karɓi gugan mana!"

Ya karɓa, ya sha dariyar mata, amma tsoron bai tafi ba. Da damina ta wuce ya kasa haƙuri, ya ce sai ya ga ko gara ta shiga. Sarkin mantuwa, ya manta gungumen ya bushe. Ya ɗaga gizago ya kafta masa. Ƙau! Bakin gizago ya lanƙwashe, itace ko gezau.

Jatau ya zauna daɓas yana dariya, hawaye na zuba. Tasalla, da goyonta a baya, ta taka gungumen ta ja ruwanta.

Shi ya sa har yau cikin kirya yake da duhu, gara ke gudunta, ake turmi da taɓarya da ita. Masassaƙin da ya bari ta bushe kuwa, za ku gan shi a maƙera da gizagonsa a hannu.