Ƙugiyar da Aka Manta

An ce wai a wani birni na Arewa an yi wani mai gyaran agogo, Malam Tanimu, wanda ya shekara talatin yana tara abin da mutane ba su ɗauka dukiya ba. Takardun wasannin barkwanci na talabijin na da yake tarawa, waɗanda 'yan wasan suka sa wa hannu. Yakan bi su gidan suna da gidan biki, wani ma har gadon asibiti, yana riƙe da biro. Ya tara ɗari da goma sha huɗu a cikin akwatin ƙarfe.

Wadda ta fi daraja a cikinsu ita ce takardar kashi na farko na wasan Shagon Kawu Nomau, mai ɗauke da sa hannun marigayi Barau Ɗansarai, wanda yake fitowa a Kawun. A wannan kashi ne Kawu Nomau ya leƙa ƙofa ya ce, "Kura ta shigo shago," ya haye buhun gero, matarsa ta ruga ta bar takalmi. Har yau in baƙon da ba a so ya iso, da wannan magana mutanen garin suke yi wa juna ishara.

Da gidan talabijin ɗin ya cika shekara hamsin, aka shirya baje kayan tarihi, aka gayyaci Malam Tanimu da akwatinsa. Sai ga Alhaji Mudi, wani attajirin 'yan atamfa, da tasa takardar ta kashi na farko, wadda ya saya da tsada a hannun wani dillali. Ita ma da sa hannun Barau. Ya ce tasa ce ta asali, ta Tanimu jabu ce, kuma wanda ya yi jabun ɗaya ba a amince wa sauran ɗari da sha ukunsa. Masu shirya taro suka ce in haka ta tabbata, akwatin duka ba zai shiga zaure ba. Aka kai maganar gaban Alƙali Sidi, wanda ya yi ritaya amma ba a daina kai masa rigima ba.

Alƙali ya fara duba sa hannun biyu. Babu bambanci. Alhaji Mudi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, gani ya kori ji. Ga kaset ɗin wasan na zo da shi. A kunna, a bi takardun biyu, a ga wadda ta yi daidai."

Aka kunna. Takardar Alhaji ta bi wasan kalma da kalma, har tarin da Kawu ya yi a kan buhu an rubuta shi. Ta Tanimu kuwa ta yi daidai har shafi na huɗu, daga nan ta kama wata hanya. Babu buhu, babu gudu, babu takalmi.

Alhaji ya dubi Tanimu ya ce, "Malam, ka koma kan agogunanka. Wannan ka kai wa mai ƙosai ta yi ƙunshi, ko ita ma sai ta duba."

Tanimu ya ce, "Da hannunsa ya ba ni a ƙofar gidansa. Ba ni da shaida sai Allah."

Alƙali ya ce, "Wannan shaida ta ishe ka gobe kiyama. Yau takarda za mu tambaya. Ara mini gilashin nan da kake maƙalawa a ido in za ka duba cikin agogo."

Ya daɗe a kan shafi na huɗu. Sannan ya ɗago ya ce, "Tafiretar wancan zamani ba ta da haruffa masu ƙugiya. Sai a buga harafin k, ko d, ko b, sannan mai bugawa ya bi da biro ya sa wa kowane harafi ƙugiyarsa. Takardar nan haka aka yi mata, da shuɗin biro, tun daga farko har ƙarshe. Ku saurari abin da ke wannan shafi. Babbar mota ta wuce ta ƙofar shago. Kawu ya ce, kura ta shigo shago. Matarsa ta ce, to ka yayyafa ruwa mana. Alhaji, a garinku ruwa ake yayyafa wa kura?"

Alhaji ya ce, "Ai shi ya sa na ce shirme ne."

Alƙali ya ce, "Ƙura ake yayyafa wa ruwa. Mota ta tayar da ƙura, ƙurar ta shigo shago. Ƙugiya ɗaya aka manta a wannan layi. Ina zaton Barau ya karanta abin da ya gani, bakinsa ya riga hankalinsa, da ya ji abin da ya faɗa sai ya bi maganar ya haye buhu. Amma zato ba hukunci ba ne. Wa yake buga musu takardu a lokacin?"

Aka ce wata Hajiya Kande ce, tana nan da rai a bayan kasuwa. Aka aika, kafin la'asar ta iso a a-daidaita-sahu, tana dogara sanda. Aka miƙa mata takardun biyu ba tare da an gaya mata mai kowacce ba. Ta ture ta Alhaji ta ce, "Wannan ba ni ba ce. Ni ban taɓa buga tari ba." Ta ɗauki ɗayar, ta kai ta kusa da ido, ta yi dariya har ta share hawaye.

Ta ce, "Ga laifina nan, shekara arba'in da wani abu ina ɓoye shi. Biro ne ya ƙare mini a wannan layi, na tafi aro, da na dawo na ɗora daga na ƙasa. Kaset kuma tsada gare shi a lokacin, ba a sake ɗauka, abin da ya fita ya fita. Manaja ya so ya kore ni. Barau ya ce in an kore ni shi ma ya tafi, don ban taɓa yi masa aiki mai kyau kamar na ranar ba."

Alƙali ya juya shafin ƙarshe na takardar Tanimu. A ƙarƙashin sa hannun Barau akwai wasu kalmomi da Tanimu ya shekara talatin bai gane su ba: "A gaishe da mai mantuwa." Ya karanta su a fili. Hajiya Kande ta ce, "Ina amsawa."

Sannan Alƙali ya yanke hukunci. Ya ce, "Takardar wasa kafin wasa ake rubuta ta, don haka ba za ta san abin da ɗan wasa zai ƙirƙira a gaban kyamara ba. Wadda ta san tarin Kawu da buhunsa, bayan wasa aka yi ta, a gaban kaset, da kunne. Alhaji, hujjar da ka kawo ita ta kayar da kai. Ban ce ka yi jabu ba, an sayar maka da shi ne, sai ka nemi dillalinka. Amma ka ɓata sunan mutum a gaban jama'a, a gaban jama'a za ka gyara."

Ranar buɗe taro, Alhaji Mudi ne ya ɗauko akwatin ƙarfen da kansa ya shigo da shi zaure. Aka ajiye takardar a tsakiya, a buɗe a shafi na huɗu, da sunan Malam Tanimu a ƙasa. Mutane suka yi layi har waje, kowa yana sunkuyawa ya ga inda ƙugiyar ba ta. Tanimu ya tsaya a gefe yana ara musu gilashinsa.

Masu hikima suka ce, sawu ba ya riga ƙafa. Gaskiya takan zo da tabonta, ƙarya ce take zuwa fes.