Sujadar Mama Emilia

Godiya ta tabbata ga Allah mai ɗaukaka wanda Ya so cikin bayinSa. Daga cikin waɗanda Ya ɗaukaka a garinmu Kafanchan akwai Shehinmu, malamin fiƙihu, waliyyi mai tsantseni, wanda ba a taɓa jin ya yanke hukunci kafin ya sa mai tambaya ya maimaita tambayarsa ba, har mu almajiransa mukan ƙosa, Allah Ya yafe mana. Ga ɗaya daga cikin karamominsa.

Akwai wani bawan Allah mai suna Yafet, manomin citta daga wani ƙauye ta wajen Kagoro, wanda ya musulunta shekara biyu kafin wannan lamari. Mahaifiyarsa Emilia Kirista ce, tsohuwa, ido ya tafi, ƙafa ta ƙi, ba ta da kowa sai shi. Ta yi doguwar jinya, da ta ɗan farfaɗo sai ta ce tana so a yi mata sujadar godiya a majami'arsu, shi kuma ya ɗauke ta a babur ya kai ta. A bakin mutanen coci kuwa, sujada taron ibadarsu ce ta ranar Lahadi, ba ɗora goshi a ƙasa ba.

Yafet mutum ne mai tsoron saɓo. Sai ya tari wani baƙon mai wa'azi bayan sallar Juma'a, cikin Hausarsa ta koyo, ya ce, "Malam, mamana yana so in yi masa sujada." Mai wa'azi ya yi salati, ya ce wanda ya yi sujada ga wanin Allah, ko da uwa ce, ya fita daga Musulunci, ya shige mota ya tafi.

To fa! Yafet ya koma gida kansa ya ɗaure. Abokinsa Lawal ya ce masa bin iyaye wajibi ne, babu ja. Yafet ya buɗe waya, wannan malami ya ce haramun, wancan ya ce halal, kowa da ayarsa, kuma ba ɗayansu da ke magana a kan tsohuwarsa. Ya rasa gane ko hukuncin Allah ɗaya ne ko goma, ya rasa wanda zai bi. In ya kai ta, addini ya tafi. In ya ƙi, uwa ta tafi da baƙin ciki. Lahadi uku yana cewa babur ya lalace. Tsohuwa ba yarinya ba ce, ta daina tambaya, ta kuma daina cin abinci sosai.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar muna karatu, sai ga shi ya zauna can bakin zaure kusa da takalma, ya kasa buɗe baki. Babu wanda ya san shi a cikinmu, Shehi ma bai taɓa ganinsa ba. Shehi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya rufe littafi, ya ce, "Yafet, sujadar da mama ke nufi, da goshi ake yin ta ko da babur?"

Muka kama salati. Shi kuwa Yafet sai hawaye. Da ya natsu ya zayyana komai, Shehi ya sa shi ya maimaita, sa'an nan ya bayyana masa cewa malaman mazhabarmu sun ce ɗa Musulmi ya ja makahon mahaifinsa zuwa wurin ibadarsa, don biyayyar iyaye farilla ce ko da addini ya bambanta. Ya kai ta, ya jira ta, amma kada ya yi ibadarsu.

Ruɗun Yafet bai gama warwarewa ba. Ya tambaya ko ke nan wancan mai wa'azi ƙarya ya yi masa.

Shehi ya ce, "Gaskiya ya faɗa, amma amsar tambayar da ba ka yi ba ce. Hukuncin Allah ba ya karkacewa, kunnen mai ba da fatawa ne ke karkacewa." Ya ƙara da cewa, "Wannan Lahadin za ka kai ta, ba mai zuwa ba."

Yafet ya so ya ce ana tsakiyar haƙar citta, ya haɗiye. Ranar Lahadi ya goya ta a babur, ya ɗaure ta da zane a bayansa, ya miƙa ta ga matan zumuntar cocinsu a ƙofar majami'a, ya zauna gindin mangwaro yana jan carbi, yana jiyo muryarta cikin masu waƙa. A hanyar komawa ta kwantar da kai a kafaɗarsa, ta sa masa albarka da yarensu, ta ce addinin da ya dawo mata da ɗanta ba ta da faɗa da shi.

Ranar Talata da hantsi ta rasu.

Tsarki ya tabbata ga Wanda ke sanar da bayinSa abin da Ya so. Ya Allah, Ka ƙara wa Shehinmu daraja, Ka ba mu albarkarsa, Ka hore mana haƙurin jin tambaya kafin gaggawar amsa. Amin.